Makin 'yata bai motsa ba cikin shekara guda: ta yaya zan gane ko jinyar SMA tana amfani?

Maman Auta, Rikkos, Jos

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san cutar shanyewar tsoka da likitoci ke kira SMA, musamman ma'aikatan lafiya da iyayen da Allah ya jarrabe su da irin abin da ya jarrabe mu da shi. 'Yata ta uku, wadda muke kira Auta, shekararta 6. Ta zauna da kanta a kan lokaci, amma ba ta taɓa tsayuwa ba balle ta taka, kuma tun kafin ta cika shekara ɗaya da rabi muka lura ƙafafunta ba su da ƙarfi. Da farko dangi sun ce shan inna ce, duk da cewa ba a taɓa tsallake mata ɗigon rigakafi ba, sai da aka aika jininta gwaji sannan aka tabbatar mana cewa SMA ce nau'i na biyu, wato na yaran da ke iya zama amma ba sa tafiya, kuma gadonta ta yi daga ni da mahaifinta duka.

Magungunan da muke karanta labarinsu a intanet ba mu da ƙarfinsu. Abin da muke yi shi ne gashi a asibiti, wato fisiyo, da miƙa mata gaɓoɓi a gida safe da yamma, da takalmin roba da take kwana da shi, da kuma wani katako da kafinta ya haɗa mana bisa zanen likita, wanda ake tsayar da ita a cikinsa. Bara likitar gashin ta gwada ta da wata takarda mai jerin abubuwa, ta ce ta samu maki 17 cikin 66. Bana an sake gwajin, makin dai 17 ne. Mahaifinta mutum ne mai haƙuri, amma da ya ga takardar sai ya ce shekara guda ta kuɗin mota da kuɗin kati da barin aiki ba ta ƙara ko maki ɗaya ba, don haka a duba ko akwai amfanin ci gaba. Surukata kuwa ta daɗe tana cewa a kai yarinyar gida a gwada na gargajiya.

Abu na biyu shi ne, likitar ta tambaye ni mene ne burina ga Auta a wata shida masu zuwa. Na ce mata burina ta tashi ta yi tafiya kamar 'yan'uwanta. Ta yi shiru, sannan ta ce in koma gida in yi tunani, in rubuto mata abubuwa uku da nake so yarinyar ta iya yi a rayuwarta ta yau da kullum. Har yanzu takardar tana cikin jakata ba rubutu, domin ban san irin abin da ake rubutawa ba, kuma zuciyata tana gaya mini cewa idan na rubuta ƙaramin abu kamar na fitar da rai ne daga babban.

Don Allah, shin makin da bai hau ba kuma bai sauka ba ci gaba ne ko ɓata lokaci? Kuma wane irin buri ya kamata uwa ta rubuta?

Malam Fisiyo, Jos

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Auta lafiya, ya saka muku da alheri bisa wannan ɗawainiya. Ni ma'aikacin gashi ne, na fi aiki da yara, kuma tun da ban ga yarinyar ba, bayanina na gaba ɗaya ne. Likitar da ke duba ta ita ce mai magana ta ƙarshe.

Takardar da kika ambata mai maki 66 ana kiranta HFMSE, asalinta daga asibitin Hammersmith da ke Landan. Abubuwa 33 ne a cikinta, kowanne ana ba yaro 0 idan bai iya ba, 1 idan ya yi shi da dabara ko rabi da rabi, 2 idan ya yi shi cikakke. Ta fara daga zama ba tare da dafa hannu ba, da kai hannu bisa kai, da mirginawa, da ɗago kai daga kwance, ta tafi har rarrafe, durƙuso, tsayuwa, tsalle da hawa matakala. Kin ga ke nan ƙarshen takardar na yara masu tafiya ne, saboda haka 66 ba ita ce iyakar da ake sa ran Auta ta kai ba, kuma bai kamata a karanta 17 cikin 66 kamar sakamakon jarrabawar makaranta ba.

Don a gane ma'anar makin da bai motsa ba, sai an san inda cutar kan kai yaro idan aka bar ta. Ƙwayar gadon da ke da matsala ana kiranta SMN1, a Faransa aka gano ta a 1995. Idan babu ita, jijiyoyin laka masu aika wa tsoka umarni sukan riƙa mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. A lokaci guda jikin yaron yana girma: hannu yana ƙara tsawo, ƙafa tana ƙara nauyi, ƙarfin da zai ɗaga su kuma bai ƙaru ba. Shi ya sa a yara masu nau'i na biyu, daga wajen shekara 5 har zuwa balaga, abin da aka saba gani shi ne makin yana sauka, musamman idan ƙashin baya ya fara karkacewa ko gaɓoɓi sun ƙage. Yarinya mai shekara 6 da ta ƙara tsawo da nauyi amma ta riƙe makinta ba a ce mata ta tsaya wuri ɗaya ba. Sai dai ba zan ce miki gashin ne kaɗai ya riƙe makin ba, domin shekara guda gajera ce, kuma akwai yaran da kan ɗan tsaya haka kafin su sauka. Gashi ba ya rayar da jijiya. Aikinsa shi ne hana gaɓoɓi ƙagewa da wuri, da kiyaye ƙarfin da ya rage, da koya wa yaro dabarar amfani da shi, don haka da irin waɗannan abubuwa ya kamata a auna shi.

Akwai tambayar da nake so ki yi wa likitarku: shin 17 ɗin bana daga abubuwan da 17 ɗin bara ta fito ta fito? Jimilla tana ɓoye labari. Yaro zai iya rasa maki biyu a mirginawa saboda ya yi nauyi, ya samu biyu a kai hannu bisa kai saboda atisaye, jimillar ta zauna yadda take, alhali abubuwa biyu masu muhimmanci sun faru, ɗaya na farin ciki, ɗaya kuma na neman gyara. A ajiye takardun biyu gefe da gefe a bi su layi-layi. Haka kuma ki tambaya ko ana auna kusurwar gwiwa da ƙugu da idon sawu da ɗan ma'aunin nan na roba mai kama da rula biyu da aka haɗe. Idan gwiwar da bara ta rage digiri goma ta miƙe sosai har yanzu digiri goma ne, to miƙawar da kike yi safe da yamma da takalmin dare sun yi aikinsu, ko da ba su bayyana a cikin 66 ba.

Ga yarinyar da rayuwarta a zaune take, ma'aunin hannu ya fi kusa da bukatarta. Sunansa RULM, makinsa 37 ne, kuma abubuwan cikinsa na gida ne: ɗago hannu daga cinya zuwa tebur, bin layi da fensir, tsintar kwabbai, yaga takarda, buɗe murfin roba, kai kofi mai nauyin giram 200 baki. Idan ba a taɓa yi mata shi ba, a yi yanzu don a samu mafari. Jarirai marasa zama suna da nasu mai maki 64 da ake kira CHOP INTEND, masu tafiya kuma ana auna mita nawa za su ci cikin minti shida. Kowane ma'auni aka ɗauka, bisa ƙa'ida duk wata shida ake maimaita shi, kuma gwargwadon hali mutum ɗaya ya riƙa yi, a lokaci ɗaya na yini, ba a ranar da yaro ke jin yunwa ko yake farfaɗowa daga zazzaɓi ba. Bambancin maki ɗaya ko biyu zai iya zama na gajiya ko na rigimar yaro kawai. A manyan gwaje-gwajen magani ma, ƙarin maki 3 a HFMSE ne ake ɗauka a matsayin sauyin da ke da ma'ana.

Yanzu maganar buri. Akwai hanyar da muke amfani da ita wadda wasu masana biyu a Amurka, Kiresuk da Sherman, suka fitar tun 1968. Ana ɗaukar abu ɗaya da iyali suka zaɓa, a rubuta shi a matakai biyar kafin a fara aiki, domin kada bayan wata shida kowa ya faɗi abin da ransa ke so. A ce burin shi ne Auta ta ci abincinta da kanta. Sai a rubuta inda take yau: tana kai cokali baki sau biyar ko shida, sannan hannun ya gaji a karɓa a ba ta. Wannan shi ne mataki ɗaya ƙasa da abin da ake nema. Abin da ake sa ran cimmawa shi ne ta ci rabin kwano da kanta, gwiwar hannunta a kan tebur, da cokali mara nauyi. Idan ta cinye kwanon tare da hutawa a tsakani, ta wuce tsammani da mataki ɗaya. Idan ta cinye ba hutu, da mataki biyu. Idan kuwa ta daina kai cokalin baki sam, an koma baya, sai a nemi dalili. Ki lura cewa a cikin burin an ambaci tebur da cokali, domin sau da yawa ba tsokar ce ke sauyawa ba, tsawon teburin ne da nauyin cokalin, kuma wannan ma jinya ce.

Game da tafiya, Hajiya, zan gaya miki gaskiya tun da kin tambaya. Yaron da ya kai shekara 6 bai taɓa tsayuwa da kansa ba, ba a gina shirin jinyarsa a kan tafiya, ko da an samu sababbin magunguna. Addu'arki tana nan, babu mai hana ki ita, kuma rubuta ƙaramin buri a takardar asibiti ba ya rage mata komai. Takardar dai ta abin da za a iya aunawa ce nan da wata shida.

Baban Khalifa, Kubwa, Abuja

'Yar'uwa, Allah ya ƙara haƙuri. Ɗana shekararsa 9, nau'i na biyu shi ma, kuma da taimakon dangi muna samo masa maganin sha daga waje. Na shigo ne don in gaya miki cewa samun magani ba ya raba mutum da tambayar da kike yi, sai ma ya ƙara mata nauyi, domin duk wanda ya sa kuɗinsa yana jiran ya ji an ce yaro ya tashi.

Magunguna uku ne aka fi sani. Spinraza, wanda Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2016, allura ce da ake yi a baya cikin ruwan laka, bayan alluran farko kuma duk wata huɗu. Zolgensma ya zo a 2019, ƙarin ruwa ne sau ɗaya ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu, farashinsa a lokacin ya haura dala miliyan biyu. Evrysdi, wanda muke amfani da shi, ya zo a 2020, ana sha kullum, ana auna shi da nauyin yaro har ya kai kilo 20, kuma ruwan sai an ajiye shi a firij, abin da ya sa ɗaukewar wuta ta zama wani ɓangare na jinyarmu. A babban gwajin da aka yi wa wannan maganin a kan masu shekara 2 zuwa 25, bambancin da aka samu bayan shekara guda tsakanin masu shansa da waɗanda ba su sha ba bai kai maki biyu cikin ɗari ba a ma'aunin da suka yi amfani da shi, kuma an ɗauki wannan a matsayin nasara, saboda dalilin da Malam Fisiyo ya bayyana. Manyan sauye-sauyen da ake gani a bidiyo yawanci na jariran da aka fara wa magani da wuri ne, kafin jijiyoyin su mutu. Na faɗi wannan ne don mai gidanki ya san cewa ko masu kashe miliyoyi riƙe maki suke fata a irin shekarun nan.

Abin da zan ƙara a kan bayanin Malam shi ne numfashi, domin a ganina shi ne ma'aunin da ya fi kowanne, kuma ba ya cikin takardar 66. A wannan cuta tsokar da ke tsakanin haƙarƙari tana da rauni, tari ba ya da ƙarfin fitar da kaki, sai mura ƙarama ta sauka ƙirji ta zama nimoniya. Mahaifiyar Khalifa tana da ɗan littafi da take rubuta duk lokacin da mura ta sauka masa ƙirji, da kwanakin da ta ɗauka, da ko an kwantar da shi, da nauyinsa duk wata, da ko ya ƙware a abinci ko ruwa. Tana kuma rubuta idan ya tashi da ciwon kai da safe, ko ya yi gumi da yawa cikin dare, ko yana gyangyaɗi da rana, domin likitansa ya ce waɗannan alamu ne na cewa numfashi yana raguwa a cikin barci. Burinmu na farko kowace shekara shi ne a wuce hunturu ba a kwana asibiti ba. Ku da kuke Jos, inda sanyin Disamba da Janairu ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma ake rufe ɗaki a kunna gawayi, wannan burin ya fi dacewa da ku. A shekarunta za ta iya busa na'urar auna huhu, ki nemi a yi mata, a kuma koya muku yadda ake danna ciki da ƙirji a taimaka mata ta yi tari.

Muna kuma ɗaukar bidiyo da waya duk bayan 'yan watanni, a kujera ɗaya, da kofi ɗaya, daga kusurwa ɗaya. Idon da ke ganin yaro kullum ba ya ganin sauyi, ko na gaba ko na baya.

Maganar kuɗin mota gaskiya ce, kada a raina ta. Maimakon a daina gaba ɗaya, ku zauna da likitar ku uku, a rage yawan zuwa, a ƙarfafa aikin gida, a bar asibiti don dubawa da gyaran takalmi da awo. Ita kuma Hajiya babba a bi ta da lallami, a nuna mata bidiyon, amma a tsaya a kan abu ɗaya: kada a yi wa yarinyar ɗure da jiƙo, domin yaron da haɗiyarsa da tarinsa ke da rauni, ruwan zai iya wucewa huhu.

Malama Mai Keke, Bukuru

Maman Auta, sannu da ƙoƙari. Ni ba uwa ba ce, mai cutar ce. Nau'i na uku gare ni, na yi tafiya har na gama sakandare, yanzu kuma na haura shekara talatin, a keke nake, ina koyarwa. Na karanta amsoshin da ke sama, duk sun yi daidai, amma akwai mutum ɗaya da ba a ce a tambaya ba, ita ce Auta. Wannan cuta ba ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yarinya mai shekara 6 ta san abin da ke ba ta haushi fiye da kowa a gidan. Likitar ta ce ki rubuto abubuwa uku. Ina roƙonki ki bar mata aƙalla biyu ta zaɓa.

Dalilina shi ne abin da na gani a kaina. Shekarun da nake tafiya, burin kowa a gidanmu shi ne kada in zauna a keke, kuma da wannan ake auna komai. Ana gwada ni da tafiyar minti shida, mitocin suna raguwa a hankali, kuma abin da likitan ya fi dubawa shi ne yadda minti na shida ya gaza na farko, wato yadda gajiya ke cin ƙarfina. Abin da takardar ba ta nuna ba shi ne, kafin in hau tudun da ke tsakanin gidanmu da titi in isa aji, ƙarfin yinin ya riga ya ƙare, ba na iya riƙe biro da kyau, kuma tsoron faɗuwa a kan duwatsun nan namu ya hana ni zuwa ko'ina sai dole. Ranar da na fara amfani da keke, 'yan'uwa sun zo kamar masu jaje, ni kuwa a wannan shekarar ce na fara zuwa biki da kasuwa, na kuma yi karatu mai zurfi. A ma'aunin asibiti na sauka, a abin da nake iya yi da yinina kuwa na ƙaru.

Shi ya sa nake ɗan sa wa Malam Fisiyo baki a kan abu ɗaya. Ma'aunan nan suna auna abin da mutum zai iya yi sau ɗaya a gaban likita, ba sa auna sau nawa zai iya maimaita shi kafin la'asar. Zan iya kai kofin giram 200 baki in samu maki cikakke, amma tambayar da ta dame ni ita ce ko zan iya karkata buta in yi alwala da kaina sau biyar a rana. Burina na bana guda uku ne: in ci gaba da yin alwala da ƙaramar buta ba tare da an zuba mini ba, in ci gaba da juyawa a gado da dare ba tare da na tashi ƙanwata ba, in kuma riƙe alli ko biro har ƙarshen darasi. Babu kalmar ƙari a cikinsu, duk riƙewa ce, kuma duk wata shida nakan ba kowanne maki daga 1 zuwa 10 sau biyu, ɗaya na yadda nake yin abin, ɗaya na yadda na gamsu da shi. Akwai lokacin da na farkon bai motsa ba, na biyun ya hau, don kawai an sauya mini tsawon gado.

Ki sa makaranta a cikin burin. Dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga, amma kada ki jira gini. Ki je ki ga shugaban makarantar a kan aji na ƙasa da banɗaki da wanda zai riƙa tura ta. Katakon tsayuwar ma a ci gaba da shi, yana da amfani ga ƙashi da gaɓoɓi, sai dai a sa shi a lokacin da take kallo ko wasa da 'yan'uwanta, kada ya cinye ƙarfin da za ta yi rubutu da shi.

Maman Auta, Rikkos, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa mahaifinta amsoshinku, ya yarda mu je tare mu ga likitar da takardun biyu. Malama, na tambayi Auta kamar yadda kika ce. Ta ce tana so ta riƙa sa hijabinta da kanta, tana so ta gama kwafe abin da ke allo kafin a goge, kuma tana so ta bi yayyenta Islamiyya ranar Asabar da Lahadi. Ni na ƙara da na hunturu da Baban Khalifa ya kawo, sun zama huɗu. Malam Fisiyo, yaya za a mayar da na hijabin da na rubutun abin aunawa? Sannan da na tsaya ina kallonta daga baya tana rubutu, na ga tana karkata zuwa hagu, kafaɗar dama ta fi tudu. Shin wannan gajiya ce kawai?

Malam Fisiyo, Jos

Hajiya, da farko na karɓi gyaran Malama, maimaitawa da gajiya suna da muhimmanci, kuma za a iya sa su cikin burin kai tsaye. Na rubutun, a ɗauki layi nawa take kwafewa cikin minti goma da safe, da kuma nawa a darasin ƙarshe, sai a nemi rage tazarar da ke tsakaninsu ta hanyar tebur mai tsawon da gwiwar hannunta za ta kwanta a kai, da fensir mai laushi wanda ba ya bukatar dannawa, da kujerar da ta riƙe mata ƙugu da gefuna. Na hijabin a raba shi gida-gida: ɗaukarsa daga cinya, kai shi bisa kai, zura fuska, gyara shi. A rubuta inda take tsayawa yau, a zaɓi mataki na gaba kawai, kuma a gwada ƙaramin hijabi mara nauyi tana dafe da tebur ta sunkuyo da kanta wajen hannun.

Karkatar da kika gani kada a bar ta a matsayin gajiya sai an duba. Yawancin yara masu nau'i na biyu ƙashin bayansu yakan karkace, kuma a irin shekarunta yakan fara sauri. Ki nemi a ɗauki hoton ƙashin bayan tana zaune ba a riƙe ta ba, likitan ƙashi ya auna kusurwar karkatar ya rubuta digirin. Wannan lambar ce za a riƙa bi. Idan ta wuce digiri 20 akan ƙara yawan dubawa a kuma yi maganar rigar baya, wato riga mai tauri da ke tallafe ƙashin bayan, idan ta doshi 50 ko tana ƙaruwa da sauri akan fara shawarar tiyata. Idan aka rubuta mata rigar baya, a tabbatar an bar buɗaɗɗen wuri daidai cikinta, domin da tsokar da ke ƙasan huhu take numfashi, kuma a auna huhunta da rigar da kuma babu ita. Ki karɓi kwafin kowace takardar maki da kowane hoto ki ajiye a gida da kwanan wata a jiki, hoto na gaba kuma a ɗauke shi a irin zaman da aka ɗauki na farko, in ba haka ba digirin ba za su kwatantu ba.